Sunan da Inna Za Ta Iya Faɗa

Sallama gare ku, jama'ata. Masu cika mini waya da "Mansura, wai ya ake ciki da Anas?" ku gyara zama, yau zan kwance muku bakin jaka. Amma wanda ya zo don ya ji na yi kuka, gara ya koma tun da sauran haske. Ban yi ba. To, na yi sau ɗaya, kuma ranar barkono nake daka, saboda haka babu mai shaida.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce Mansura Attahiru, a Tudun Wada nake cikin Gusau, sana'ata yaji. Yajin jego, yajin daddawa, da na tafarnuwa. Kakata Iya ta Kwatarkwashi ce ta koya mini haɗin tun ina 'yar firamare, in na je hutu ta zaunar da ni gaban turmi ina atishawa tana dariya. Citta, kanumfari, masoro, kimba, kowanne da lokacin da ake zuba shi. Ba yabon kai ba, mai jegon da ta ci farfesu da yajina sai ta nemi ƙari.

Sai dai ni hannu ce kawai a sana'ar nan. Bakin sana'ar Inna ce, mahaifiyata. Babu gidan suna ko na biki daga Gusau har Bungudu da Inna za ta shiga ba da 'yar robar yaji a jakarta ba. Kafin a watse ta samo mini masu saye. Kuma ku riƙe wannan da kyau: ni ce 'yar farinta. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke." "Wagga." In ta ji daɗina ƙwarai, "wagga ɗiya." Akwai wata yarinya a layinmu mai sunana, ita ma ta shafa, Inna "mai sunan wagga" take ce mata.

Shi kuwa Anas ɗan Tsafe ne, yana da shagon gyaran waya kusa da tasha, yana kuma haɗa wa mutane shafin intanet. Manyansa sun riga sun kawo gaisuwa gidanmu, sa rana kawai ya rage. Kuma ina son shi. Na faɗa, ku rubuta ku ajiye. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, in ya yi murmushi sai kumatunsa na hagu ya lotsa.

Ni da bakina na jawo maganar. Wata Asabar bayan la'asar ya zo zance, sanye da shadda ruwan toka da ta sha guga, ni kuma na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye da mayafi fari. Muna zaune a zaure na ce masa matan Kaduna da Abuja da suka taɓa sayen yajina suna ɓatar da lambata, in sun canza waya shi ke nan mun rabu.

"Shafi nake so," na ce. "Wanda in mace ta shiga Gugul tana neman yaji, za ta gan ni."

"Wannan ai aikina ne," ya ce yana gyara hula. "Ki bar mini komai."

Asabar ta zagayo sai ga shi da kwamfutarsa a jaka, fuska kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya buɗe, ya juyo mini da ita. Shafin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ga hoton robobina a jere, ga jan barkono a gefe. Sai na ɗaga ido sama inda adireshin yake.

anasandmansuraglobalventures.com

Na karanta, numfashina ya ƙare a tsakiya, na ja wani na ƙarasa.

"Anas, wannan suna ne ko huɗubar Juma'a?"

"Ban gane ba."

"Ina yajin yake a ciki?"

"Yaji ai yana cikin shafin. Suna kuma na girma ake sawa. Gobe in kin fara sayar da atamfa fa? In mun buɗe reshe a Abuja fa? Kin ga kuma sunana da naki a haɗe, kamar yadda za mu kasance."

Wayyo, maganar ƙarshen nan ta shige ni, har na sunkuyar da kai ina wasa da gefen mayafi. Kun san mu da kalamai. Kafin in farfaɗo sai ga Baba ya dawo daga masallaci, Anas ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna masa. Baba ya sa tabarau ya duba, ya ga sunan 'yarsa cikin kwamfuta kusa da na surukinsa, ya ce, "Madalla! Allah Ya yi albarka." Magana ta ƙare ke nan a wurinsa.

Ni kuwa a wurina sannan ta fara. Washegari na kira ƙawata Nusaiba, wadda ta daɗe tana sayar da lesuka ta intanet. Na karanta mata sunan. Ta yi dariya har da tari.

"Ke, bar ni in sha ruwa. Yanzu buɗe wasaf ɗinki, ki duba baƙin da suka taɓa yi miki magana. Da me suke farawa?"

Na duba. "Salam, ke ce mai yajin Gusau?" Na gangara. "Don Allah nan ne ake sayar da yajin jego na Gusau?" Na ƙara gangarawa. "An ba ni lambar mai yajin Gusau." Ko mutum ɗaya babu wadda ta rubuta Mansura. Har na ɗan ji haushi.

"To kin gani," in ji Nusaiba. "Abin da suke rubuta miki, shi suke rubuta wa Gugul. Mai ciki wata tara a Kaduna ba ta san Anas ba, ba ta san ki ba, yaji take nema. Suna gajere ake so, wanda in an faɗa sau ɗaya a cikin hayaniya za a riƙe. Kar ki sa lamba, kar ki sa 'yar sandar nan ta tsakiya. Sannan, Mansura, da imel ɗin wa aka yi rajistar wancan?"

"Ai shi ya yi komai," na ce.

"Da nashi ko? Hmm. Ni dai ban ce komai ba. Amma shago naki, makulli a aljihun wani, ko da mijinki ne, ki yi tunani."

Da hantsi na tura wa Anas saƙo, da lallashi, har da 'yar fulawa a ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, shafi ya yi kyau sosai. Sunan ne nake ganin a rage masa tsawo, a sa yaji a ciki."

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Wato sunana ne ya yi miki nauyi."

"Haba dai. Masu nema nake dubawa."

"Ni na karanci abin nan, Mansura."

"Ni kuma na san masu sayen."

Bai sake amsawa ba. Ashe kai ƙara ya tafi. Ban san ta inda maganar ta bi ba, ko ta wajen kawunsa, sai ga Baba ya kira ni ɗakinsa bayan azahar.

"Mansura, yaro ya ɗauki sunansa ya jingina da naki tun kafin a ɗaura, ke kuma ki ce a kankare? Mi mutanen Tsafe za su ce? Su ce tun ba ta shigo ba ta fi ƙarfin ɗansu. Ki bar abin nan yadda yake. Yaji dai ba ya gudu."

"To, Baba," na ce. Ba yarda na yi ba, ba a dai musu da Baba a ɗakinsa ne. Na fito zuciyata na tafasa, na huce a kan citta.

Cikin makon aka yi suna a Bungudu, 'yar ƙanwar Inna ce ta haihu. Muka tafi tun da safe. Inna ta sha leshinta ruwan hoda, ni na sa doguwar riga baƙa mai duwatsu a wuya. Ni na haɗa farfesun kan rago da hannuna, na zuba yajin jego ba ƙyashi. Gida ya cika maƙil, ga masu kiɗan ƙwarya a gefe, ga yara ko'ina.

La'asar ta yi, na shiga ɗakin mai jego na tayar da salla. Tagar ɗakin tana kallon tsakar gida, daidai inda Inna take zaune. Ina raka'a ta farko na ji wata murya mai kauri, irin ta matan da suka saba ba da umarni.

"Wai wa ya haɗa yajin farfesun nan?"

Wata Hajiya ce daga Kaduna, dangin uban jariri. Tun da safe na lura da ita, zobba a yatsu huɗu. An ce abincin biki take yi na manyan mutane.

"Ɗiyata ce," in ji Inna, ina jin daɗin da ke muryarta.

"Ina so da yawa, kuma duk wata. Ba ni lambarta."

Wayar Inna tana gida a caji, kamar kullum. Lambata kuwa ba ta taɓa haddacewa ba. Amma Inna ba ta rasa ta cewa: "Ai tana da shahi cikin intanet. Nan aka samun ta."

"Yauwa, ya fi sauƙi. Faɗa mini sunan in rubuta."

Allah Ya gafarta mini, a nan hankalina ya rabu biyu. Ina ruku'u, kunnena yana taga.

"To... sunan yaron ga na Tsahe za ki fara sawa."

"Wane yaro?"

"Wanda ka neman wagga."

"Wace wagga?"

"Ɗiyar tawa."

"To ya sunanta?"

Shiru. Jama'a, shirun nan har cikin ƙashina na ji shi. Suruki ba a kama sunansa, 'yar fari ba a kama sunanta, ga su an haɗa wa Inna su biyun a layi ɗaya. Matan wurin suka fashe da dariya. Wata ta yi agaji daga nesa, "Mansura sunanta!"

"Yauwa, Mansura. Sai me?"

"A'a, na yaron ka zuwa gaba. Sannan nata. Sannan wani Turanci guda biyu, kamar sunan maganin feshi."

Aka sake kwashewa. Direban Hajiya yana ta danna ham a waje, don hanya ba ta yamma ba ce. Na ji Hajiyar tana ce wa Inna, "Bari dai, in Allah Ya yi za a haɗu." Ina zaman tahiya ina jin ƙarar motar tana nisa. Da na sallame na fito da gudu ko takalmi babu, ƙura kawai na tarar.

A motar komawa Gusau Inna ba ta ce uffan ba. Ita da ba ta iya zama minti biyu ba ta ba mutum labari ba. Ta juya fuska tana kallon gonakin dawa. Sai da muka kusa shiga gari sannan ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Yau na ji kunya. Ba irin wadda aka koya muna ba, wata daban. Abin ɗiyata ne, an tambaye ni gaban mutane, bakina ya ƙiya."

Ban taɓa jin Inna ta yi magana haka ba. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya taso mini. Ba Hajiyar Kaduna ce ta dame ni ba, masu saye Allah ke kawo su. Matar da ta ɗauki sana'ata a ka tana yawo da ita gida gida, ita aka mayar abin dariya, kuma da shafina.

"Inna," na ce, "ki ce yajin Gusau."

"Mi?"

"Ki faɗa kawai."

"Yajin Gusau."

"Ƙara."

"Yajin Gusau. Ke, lahiyarki?"

"Lafiya lau," na ce. Har direba sai da ya leƙo mu ta madubi.

Washegari da sassafe ina gidan su Nusaiba. Muka duba, babu wanda ya riga ni ɗaukar sunan. Na yi rajistar yajingusau.com.ng da imel ɗina, da lambata, da hannuna. Wallahi da na ga saƙon tabbatarwa ya shigo, ji na yi kamar ranar da Iya ta fara barina in zuba kimba ni kaɗai.

Saura Baba. Na shirya jawabina tsaf, amma ban samu yin sa ba. Inna ce ta kai masa abincin rana, ta ajiye, ta ƙi tashi. Ina daga bakin ƙofa ina ji.

"Malam, ni ka zuwa gidan suna ko kai?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"To ni ka zuwa. Kuma sunan da kuka sa ma abin ga, ba ni iya faɗinai. Ko so kake in tsaya tsakar gidan mutane in kama sunan suruki?"

 Baba da kansa ya san in Inna ta yi haka, shi zai fara cewa ta zubar masa da mutunci. Ya jawo kwano ya ce, "Ku dai kuka sani." A gidanmu wannan ita ce takardar izini.

Anas ya zo ranar Asabar. Farar shadda, amma fuska babu annuri. Na fito da jug ɗin zoɓo na ajiye, bai taɓa ba.

"An ce kin yi wani shafin."

"Na yi."

"Ba ki ko gaya mini ba."

"Na gaya maka tun farko, ka kai ni ƙara."

Ya juya makullin mashin a hannu. Can ya ce, a hankali, "Kin san me abokaina suke kirana a majalisa? Mijin mai yaji. Tun yanzu. Na so a ce ga abu ɗaya da sunana yake gaba. In sunana ba zai zauna kusa da naki a shafi ba, ta ina zan san zai zauna a gida?"

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Amma tausayi daban, gaskiya daban.

"Anas, sunanka zai hau katin ɗaurin aure. In Allah Ya ba mu 'ya'ya, sunanka za su ɗauka har makaranta, ba nawa ba. Ni kaina in na shiga gidanka ba zan ƙara kama sunanka gaban mutane ba, ka san tarbiyyar gidanmu. To so kake in riƙe shagon da uwata ba ta iya faɗin sunansa, ni ma mai shi ba na iyawa? Da wane baki za mu yi talla?"

"Wato kin zaɓa."

"Yaji na zaɓa wa suna. Miji kuwa tun tuni na zaɓa, sai in shi ne ya fasa."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce a gaida Inna. Na ji tashin mashin ɗinsa har ya ɓace. Na ɗauki zoɓon na shanye abina, don ba a asarar zoɓo a gidanmu.

Daga nan shiru. Babu kira, babu saƙo. Asabar ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Ina ganin shi a kan layi, shi ma yana ganina, kowa ya riƙe wuta. A nan ne aka yi dakan barkonon da na gaya muku. Na yi kewarsa ƙwarai, har in mashin ya tsaya a layinmu sai gabana ya faɗi. Baba ya daina yi mini magana sai gaisuwa. Gwaggonnina suka fara aike: "A ce wa Mansura miji ya fi yaji wuyar samu."

Ni kuwa na duƙufa, Nusaiba na taya ni haɗa sabon shafin. Nusaiba ta riga ta gargaɗe ni cewa suna ƙofa ce kawai, sai an zuba kaya a ɗakin. Na ɗauki hotuna da rana a kan sabuwar tabarma. Na rubuta yadda ake zuba yajin jego a farfesu da kunun kanwa, da abin da ke cikinsa, da yadda ake aikawa Kaduna da Sakkwato. Kullum da safe in rubuta "yajin jego Gusau" in duba. Da farko ko ƙyallina babu. Daga baya na fito can ƙasa. Inna kuwa ta samu abin yi, duk gidan da ta shiga: "Ku rubuta yajin Gusau cikin waya, a haɗe, za ku gan ta." Hajiyar Kaduna dai ba ta dawo ba har yau, wannan ta wuce.

Jiya da yamma ina tsakar gida ina tankaɗe, ɗaurin ƙirji da tsohuwar riga, hancina duk gari, sai wayata ta yi ƙara. Oda ce ta shafi. Roba uku na yajin jego, a kai Tsafe, kusa da tasha. A wurin da na tanada don mai saye ya faɗi yadda ya same mu, an rubuta:

"Yayata ce ta haihu. Ta ce in nemo mata yaji mai kyau. Na rubuta abin da kowa zai rubuta, don in gani da idona. Ke kika fito. Nawa shafin ko ni sai da na yi kuskure sau biyu kafin in shiga. Ba sai an aiko ba, mai odar yana ƙofar gida."

 Ban gama karantawa karo na biyu ba na ji sallama daga zaure, muryar da na sani ko cikin barci. Inna tana bakin murhu. Ta ɗaga kai, ta dube ni, ta dubi zaure. Na jira in ji "ke" ko "wagga", yadda na saba ji duk tsawon rayuwata.

Sai ta miƙe tsaye, ta gyara ɗaurin zane, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji, har na zauren ma ya ji:

"Mai Yajin Gusau! Ana sallama da ke!"

Jama'a, Inna ta kira ni. Da suna. Na tsaya riƙe da rariya, idona ya cika, kuma wannan karon babu barkono a kusa da zan ɗora wa laifi.

Na shiga ɗaki na wanke fuska, na buɗe akwati na fito da mayafai na baza a gado. Ban yi sauri ba ko kaɗan. Wanda ya iya nemo ni da kansa, ai zai iya jira in zaɓi mayafi.